Jagorar Sabunta Babbar Manhajar Wayar Hannu

Muƙaddima

Daga cikin kayayyakin da zamani ya kawo, da wuya a sami wanda ya yi kaka-gida a rayuwar jama'a kamar wayar hannu, domin a yau ɗan kasuwa da ita yake karɓar kuɗin hajarsa, ɗalibi a cikinta yake ajiye littattafansa, mahaifiya kuwa ta nan take jin muryar ɗanta da ke wata ƙasa yana neman ilmi ko abinci. Duk da wannan kusanci, akwai wani saƙo da kan bayyana a fuskar waya lokaci bayan lokaci, yana sanar da cewa sabon zubin babbar manhaja ya iso, wanda mutane suka rabu gida biyu a kansa. Wasu da zarar sun gan shi sai su danna ba tare da wani shiri ba, ko da batir ya kusa mutuwa, ko da suna tsakiyar ciniki; wasu kuwa sai su yi ta ture shi wata da watanni, saboda sun ji labarin wani da ya sabunta tasa ta lalace. Na farko ya yi gaggawa a inda ake bukatar natsuwa, na biyu kuma ya bar maslaha tabbatacciya don tsoron ɓarnar da ana iya kauce mata. Abin da nake son bayyanawa shi ne, wayar da kanta take yin kusan dukan aikin, abin da ya rataya a wuyan mai ita kuwa abu uku ne: shiri kafin a fara, da haƙuri yayin da ake yi, da dubawa bayan an gama.

Fasali na Ɗaya: Babbar Manhaja da Dalilin Sabunta Ta

Babbar manhaja ita ce tsarin da ke gudanar da al'amuran waya baki ɗaya. Ita ke karɓar taɓawar yatsa ta mayar da ita umarni, ita ke raba wa ƙananan manhajoji, irin su WhatsApp da manhajar banki, wurin zama da rabonsu na batir, ita ce kuma ke hana wata manhaja leƙa sirrin wata. Iri biyu ne suka mamaye duniya: Android ta kamfanin Google, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, da iOS ta kamfanin Apple, wadda ke gudanar da iPhone, wayar da ta fara fitowa a 2007. Kowace tana fitar da sabon zubi a shekara. Android 14 ta fito a 2023, Android 15 a 2024, Android 16 a 2025, Apple kuwa bayan iOS 18 ta 2024 sai ya tsallaka zuwa iOS 26 a 2025, domin lambar ta riƙa tafiya da lissafin shekara.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'armu, watau Tecno da Infinix da itel, waɗanda kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ke ƙerawa, da kuma Samsung da Redmi, ba Android tsantsa suke ɗauke da ita ba, domin kowane kamfani yakan ɗora nasa tsarin a kanta: Samsung ya kira nasa One UI, Tecno HiOS, Infinix XOS, Redmi kuma HyperOS. Saboda haka idan ka ji cewa Google ya saki sabon zubi, kada ka ɗauka ya iso wayarka ke nan, sai kamfanin da ya ƙera ta ya karɓa, ya daidaita shi da kayan cikin wannan samfuri, ya gwada, sa'an nan ya riƙa sakinsa kashi-kashi, ƙasa bayan ƙasa, abin da kan ɗauki watanni. Apple shi ke ƙera wayarsa da manhajarta duka, shi ya sa nasa zubin kan isa ga kowa a rana ɗaya.

Sabuntawar ita ma iri biyu ce. Akwai babba, wadda ke sauya lambar zubi ta zo da sababbin abubuwa, nauyinta kan kai gigabait da yawa. Akwai kuma ƙarama ta tsaro, wadda ido ba ya ganin abin da ta sauya, alhali kuwa ita ce mafi muhimmanci. A watan Yuli na 2015 masu bincike suka bayyana wata kafa a cikin Android da aka yi wa laƙabi da Stagefright, wadda ta nan mugu zai iya aiko saƙon bidiyo zuwa lambar mutum ya sami hanyar shiga wayarsa, a wasu wayoyin ma tun mai ita bai buɗe saƙon ba. Daga watan Agusta na wannan shekara ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. Misalin wannan gyara shi ne yaɓen da mai gidan ƙasa kan yi wa katanga da soro kafin damina, domin tsagar da ba a kula da ita ba a rani ita ce ruwa ke bi ya kayar da bango idan marka ta kama. Kuma ranar da kamfani ya sanar da gyara, ranar ce masu kutse su ma suke sanin inda kafar take, don haka wanda ya ƙi sabuntawa haɗarinsa ƙaruwa yake yi.

Dalili na ƙarshe shi ne ƙananan manhajoji kan juya wa tsohon zubi baya. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayar da ba ta kai Android 5 ba, a 2025 kuma ta sharɗanta iOS 15.1 ga masu iPhone, abin da ya bar iPhone 5s da iPhone 6 a baya. Manhajojin banki ma haka suke yi.

Fasali na Biyu: Sanin Halin Wayarka

Kafin komai, ka san zubin da kake kai. A wayar Android ka buɗe Settings, ka gangara zuwa About phone, ka taɓa Android version. Nan za ka ga lambar zubin, a ƙarƙashinta kuma kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da wayar ta karɓa. Wannan kwanan wata shi ne ma'aunin gaskiya, domin idan ya wuce shekara guda kuma wayar tana cewa babu sabon abu, to alama ce kamfanin ya janye hannunsa daga wannan samfuri. A iPhone hanyar ita ce Settings, sai General, sai About. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi waɗanda wayoyinsu ke da Faransanci, Paramètres za su gani a Android, Réglages kuma a iPhone, sauran matakan duk ɗaya ne.

Kowace waya tana da wa'adin da kamfaninta ya ɗibar mata. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 da ta fito a 2023, Samsung ma ya yi alkawarin shekara 7 ga Galaxy S24 ta 2024. Amma wayoyi masu rahusa sau da yawa babbar sabuntawa ɗaya ko biyu suke samu, wasu ma, musamman masu ɗauke da Android Go da aka yi domin ƙananan wayoyi, kan ƙare rayuwarsu a zubin da aka sayo su da shi. A ɓangaren Apple, iOS 26 tana hawa iPhone 11 ne da waɗanda suka biyo bayanta. Haka kuma wayar da aka shigo da ita ta hannu daga Amurka, idan asalinta wani kamfanin layi na can ne ya sayar da ita, takan yi jinkirin samun sabuntawa a nan, domin izinin sakin yana hannun wancan kamfani. Wanda ya san wannan ba zai wahalar da kansa yana neman abin da ba a yi domin wayarsa ba.

Fasali na Uku: Sharuɗɗa Shida Kafin Farawa

Sharaɗi na farko shi ne ajiyar kwafi. A bisa al'ada sabuntawa ba ta goge komai, hotunanka da lambobinka da saƙonninka za ka same su yadda ka bar su. Amma mai hankali yakan yi ihtiyaɗi saboda abin da ba a saba gani ba, kuma yin tanadi bai saɓa wa tawakkali ba. A Android ka shiga Settings, ka nemi Google, ka nemi Backup, ka umarce ta ta ajiye yanzu. A iPhone ka taɓa sunanka a saman Settings, sai iCloud, sai iCloud Backup. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp duk suke ci daga ciki, Apple kuwa gigabait 5 kacal yake bayarwa, don haka wanda hotunansa suka yi yawa gara ya jona wayar da kwamfuta ya kwashe su, ko ya mayar da su katin memori ya zare shi. WhatsApp tana da tata ajiyar daban, a cikin Settings ɗinta, ƙarƙashin Chats, sai Chat backup; idan ka kulle wannan ajiya da kalmar sirri, ka tabbata kana tune da ita, domin idan ta ɓace babu mai iya buɗe maka, har kamfanin kansa. Ka tuna kuma cewa a wayarka akwai abin da ba naka kaɗai ba ne: lissafin bashin abokan ciniki, da rasidin kuɗin adashi, da hoton takardar fili ta magada. Waɗannan amana ce, kuma sakaci da su yana taɓa haƙƙin wasu.

Sharaɗi na biyu shi ne sanin kalmomin sirri, kuma a nan ne aka fi yin kuka. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran waya, a kasuwar Farm Centre ta Kano ko wata irinta, ya ga wannan: dattijo ya kawo wayarsa an wanke ta, ta kunnu lafiya, sai ta tsaya a wani farin shafi tana neman adireshin Gmail da kalmar sirrinsa. Mai gyara ya miƙa masa ya ce, "Alhaji, sa imel ɗinka." Shi kuwa ya juya wayar a hannu ya ce ai yaron da ya sayar masa da ita ne ya buɗe masa, bai taɓa sanin abin da aka rubuta ba. Wannan kulle an yi shi ne don kada ɓarawo ya ci moriyar wayar sata, yana cikin Android tun zubi na 5.1, yana cikin iPhone tun iOS 7 ta 2013, amma ba ya bambanta ɓarawo da mai ita da ya manta. Saboda haka ka rubuta a takarda, ka adana a inda kake adana muhimman takardunka: adireshin asusunka na Google ko na Apple da kalmar sirrinsa, da lambar buɗe fuskar waya, domin bayan ta sake kunnuwa ba za ta karɓi zanen yatsa ko fuska ba sai ka sa lambar tukuna, da kuma lambar sirrin layi idan ka kulle shi, wadda kuskure uku a jere kan toshe ta.

Sharaɗi na uku shi ne wuri a ma'adanar waya. Sabon zubi yana bukatar inda zai sauka da inda zai warware kansa, shawarata ita ce ka bar fili kamar ninki biyu na nauyin da aka nuna maka. Mafi yawan abin da ke cika wayoyinmu bidiyoyin zaurukan WhatsApp ne; ka shiga Settings ɗinta, sai Storage and data, sai Manage storage, za ta jera maka manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, ka share abin da ba ka bukata.

Sharaɗi na huɗu shi ne wuta. iPhone kan ƙi fara girkawa idan cajinta ya yi ƙasa sai an jona ta, wayoyin Android ma kowace da iyakarta. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, kada ka dogara da soket kaɗai. Ka cika batir tukuna ya haura kashi 80 cikin 100, sa'an nan ka jona, ta yadda ko an ɗauke wuta abin da ke ciki zai kai ta gaci. Wanda batirinsa ya kumbura ko yake mutuwa farat ɗaya daga kashi 30, ya canza batir kafin ya taɓa sabuntawa.

Sharaɗi na biyar shi ne intanet mai ƙarfi. Wi-Fi ya fi, wasu wayoyin ma ba sa yarda su sauke babban zubi sai da shi. Wanda ba shi da shi yana iya rabo intanet daga wata wayar. Idan da datar dare mai rahusa za ka yi, ka fara duba nauyin zubin ka gwada da yawan datar, don kada ta ƙare a tsakiya wayar ta koma cin kuɗin katinka.

Sharaɗi na shida shi ne zaɓen lokaci. Ka ware sa'a ɗaya ko biyu da ba ka jiran kira ko shigowar kuɗi, kada ka fara a daren tafiya ko a safiyar kasuwa. Ka kula da zafi kuma: Apple ya ƙayyade cewa iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salsiyas, alhali a bazara Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram kan haura 40, girkawar kanta kuma tana ɗumama waya. Bayan sallar isha'i ko da sanyin asuba ya fi dacewa, ka cire mata riga, ka ajiye ta a kan tebur inda iska ke ratsawa, ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba.

Fasali na Huɗu: Aikin Kansa

Idan sharuɗɗa sun cika, mai Samsung ya buɗe Settings, sai Software update, sai Download and install. A Tecno da Infinix da itel da mafi yawan sauran, Settings ne, sai System, sai System update, wasu kuma sun sa shi a cikin About phone. Idan ka rasa, akwai wurin bincike a saman Settings, ka rubuta update za ta kai ka. Mai iPhone ya bi Settings, sai General, sai Software Update. Wayar za ta tambayi kamfaninta, ta nuna maka sunan zubin da nauyinsa da taƙaitaccen bayanin abin da ya ƙunsa. Ka karanta, sa'an nan ka yi bismillah ka danna.

Aikin mataki biyu ne, kuma hukuncinsu ya bambanta. Na farko saukewa ne daga intanet, wanda idan ya yanke babu wata illa, yakan ci gaba daga inda ya tsaya ko ya sake daga farko. Na biyu girkawa ne, wanda shi ne ba a katse shi. A nan za ka ga fuskar ta yi baƙi, tambarin kamfani ya fito, a ƙarƙashinsa wani siririn layi yana cika sannu a hankali. Zai yi tafiya da sauri zuwa wani wuri, sai ya tsaya cik na minti goma ko fiye, bayan wayar ya ɗauki ɗumi, ta mutu da kanta ta sake kunnuwa, wani lokaci har sau biyu ko uku. Duk wannan daidai ne. A wannan tsayuwar ce zuciya kan raya wa mutum cewa ta maƙale, hannu ya kai ga maɓallin kashewa, alhali a daidai lokacin tana rubuta sabon tsari a kan tsohon, kuma katse ta yana iya barin ta ba tsohon ba sabon. Ka ajiye ta ka tashi ka yi wata hidima. Tun Android 7 ta 2016 aka ƙirƙiro wata dabara ta raba ma'adanar tsarin gida biyu, ana girka sabon a ɗaya kana aiki da ɗayan, idan sabon ya ƙi tashi wayar ta koma tsohon. Sai dai ba kowace waya ke da wannan ba, don haka kada ka jarraba.

Idan wayar ta daɗe ba a sabunta ta ba, sabuntawar kan zo bi-da-bi, sai an gama ɗaya ta gaba ke bayyana. Ka riƙa komawa kana dubawa har ta ce maka babu saura.

Fasali na Biyar: Dubawa Bayan An Gama

Da ta kunnu, ka sa lambarka, ka koma About phone ka tabbata lambar zubin ta sauya. Sa'an nan ka buɗe Play Store ko App Store ka sabunta ƙananan manhajoji duka, domin yawancin abin da ake ɗora wa sabon zubi laifinsa, tsohuwar manhaja ce da ba a daidaita ta da shi ba. Masu Android 10 zuwa sama su duba wani ɓangare kuma da ake kira Google Play system update, wanda ta nan Google ke aiko wasu gyare-gyare kai tsaye ba tare da jiran kamfanin waya ba.

Daga nan ka gwada abubuwan da rayuwarka ta dogara da su ɗaya bayan ɗaya: ka kira wani ka ji ko murya na fita, ka gwada layukan biyu, ka buɗe kyamara, ka shiga manhajar banki tun ba ka matsu ba. Ka duba allon rubutu ko haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna nan, idan sun ɓace ka sake ƙara Hausa a cikin harsunan allon rubutun. Ka duba manhajar lokutan salla, domin sababbin zubin Android sun tsananta wajen ba da izinin sanarwa da na ƙararrawa, tsarin tattalin batir kuma kan sa manhaja barci. Ka ba ta izininta, ka cire ta daga cikin waɗanda ake taƙaita wa batir, don kada kiran asuba ya wuce ka.

A kwana biyu ko uku na farko za ka iya ganin batir na saurin sauka, wayar na ɗumi ko nauyi. Wannan ba aibi ba ne, tana sake tsara hotuna da fayiloli da manhajoji ne a ɓoye, kuma barin ta a caji da dare yana taimaka mata ta gama. Kada ka yanke wa sabon zubi hukunci sai bayan mako guda.

Fasali na Shida: Matsaloli da Abubuwan Gudu

Idan sa'a biyu ta wuce layin bai motsa ba ko kaɗan, ko wayar ta yi ta kunnuwa tana mutuwa a kan tambari, sai a tilasta mata sake tashi. A Samsung ana danne maɓallin wuta da na rage sauti tare fiye da daƙiƙa 7. A iPhone 8 zuwa sama ana taɓa maɓallin ƙara sauti a saki, a taɓa na ragewa a saki, sa'an nan a danne na gefe har tambarin ya fito. Idan iPhone ta ƙi, a jona ta da kwamfuta mai iTunes ko Finder, za a ba ka zaɓi biyu, Update da Restore. Ka zaɓi na farko, domin na biyu yana goge komai. Haka ma a Android, duk inda ka ga Factory reset, ka sani wankewa ce gaba ɗaya, ita ce magani na ƙarshe, ba a kai mata hannu sai da ajiyar kwafi da kalmar sirri a hannu. Idan ta kai ga mai gyara, ka zare layinka da katin memori, ka kuma ce masa a fili kada ya wanke ta sai ya sanar da kai.

Abu uku nake gargaɗi a kansu. Na farko sabuntawar ƙarya: duk saƙon da ya zo ta WhatsApp ko ta tes, ko ya faɗo maka kana cikin wani shafin intanet yana cewa wayarka ta kamu da cuta ka danna nan, tarko ne na masu satar bayanan banki, domin sabuntawar gaskiya daga cikin Settings kaɗai take fitowa, kuma kyauta ce. Na biyu zubin gwaji da ake kira Beta, wanda aka yi domin masu neman kurakurai, bai dace da wayar da kake cin abinci da ita ba. Na uku ɗora wa waya manhajar da ba ta samfurinta ba don kwaɗayin sabon zubi, abin da kan kashe kyamara ko layi, kuma manhajojin banki da yawa kan ƙi buɗewa a irin wannan waya.

Ka sani kuma komawa baya yana da wuya, domin Apple kan rufe ƙofar tsohon zubi jim kaɗan bayan fitar sabo, a Android kuma komawar kan goge komai, a wasu wayoyin ma ba ta yiwuwa. Shi ya sa jinkirin mako ɗaya ko biyu ga babbar sabuntawa hikima ce. A watan Satumba na 2014 Apple ya saki iOS 8.0.1, ta hana iPhone 6 kama layi da karanta zanen yatsa, har ya janye ta a ranar ya fitar da gyara washegari. Amma wannan rangwame bai shafi gyaran tsaro ba. Shi kam a girka shi a daren da ya iso.

Kammalawa

Kowace waya akwai ranar da kamfaninta zai daina aiko mata gyara. Wanda tasa ta kai wannan matsayi kuma bai sami halin sauyawa ba, ya ci gaba da sabunta ƙananan manhajoji daga Play Store, ya guji sauke komai daga wajensa, ya rage ajiye manyan sirrinsa a cikinta. Ranar da zai sayi sabuwa kuma, kafin ya tambayi ƙarfin kyamara, ya tambayi shekara nawa aka yi alkawarin sabunta ta. Wanda Allah ya hore wa sanin wannan aiki kuwa, ya karɓi wayar mahaifinsa da ta mahaifiyarsa da ta maƙwabcinsa dattijo, ya duba musu kwanan watan gyaran tsaro, ya rubuta musu kalmomin sirrinsu a takarda ya damƙa musu a hannunsu, domin su ne 'yan damfara suka fi hari, kuma su ne ba su da mai nuna musu. Allah ya tsare mana dukiyarmu da amanar da ke hannunmu, ya sa mu dace.